Gwajin mantuwa tun da wuri: sauƙi ne ga mai jinya ko ƙarin kaya?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman a wajen waɗanda suka taɓa jinyar tsoho. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, muna zaune tare a Tudun Wada. Da muka je duba hawan jini na faɗa wa likita cewa Hajiya ta fara maimaita tambaya, kuma kwanaki ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. Likita ta ce tana so a yi mata gwajin ƙwaƙwalwa, irin wanda ake gano ciwon mantuwa tun bai yi nisa ba. Yayanmu ya ce sam. Wai tunda ciwon ba ya warkewa, me sani zai ƙara mana ban da tashin hankali? Amma ni nake kwana nake tashi da ita. Ku da kuka sani da wuri, sanin ya rage muku wahala ne ko ya ƙara?

Bazazzage_77:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan Yayanku. Kakanninmu sun tsufa, sun yi gigin tsufa, an riƙe su da mutunci har Allah ya karɓi abinsa. Babu wanda ya kai su a ba ciwonsu suna. Ku ci gaba da yi mata biyayya kawai.

Ummu_Sadiq:
Malam Bazazzage, kai ka riƙe kakannin naka ko matan gidan ne suka riƙe su? Ba faɗa nake nema ba, tambaya ce.
Maman Ilham, ki kai ta. Surukata a Gyallesu ta yi shekaru tana cewa ana sace mata kuɗi da zannuwa. Yarinyar da ke mana aiki aka fara kora. Daga nan zargi ya dawo kaina. Maigidana ya rasa yadda zai yi, uwa ce, ba zai ƙaryata ta ba. Dangi suka ɗauka, har aka ce na yi mata asiri. Na yi yaji, aurena ya kusa mutuwa. Ranar da aka ɗage katifarta sai ga kuɗin duk a ƙulle a leda, har da tsofaffin takardun da aka daina karɓa. Ita ke ɓoyewa ta manta. Da wani likita ya gaya mana tun farko cewa zargin sata yana cikin alamomin ciwon, da yarinyar nan ba ta bar gidanmu da sunan ɓarauniya ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Hajjo_Kwarbai:
Innalillahi. Ummu Sadiq, Allah ya saka miki da alheri. Wallahi gidaje da yawa haka ake ciki, ba a dai faɗa ne.

Abban_Hanif:
Ni nawa labarin ya sha bamban, shi ya sa nake cewa a yi hattara. Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne. An gano nasa da wuri sosai, lokacin yana tuƙa motarsa, yana karanta jarida. Aka gaya masa a gabanmu. Daga ranar ya daina zuwa majalisarsu ta bayan la'asar, wai kada ya yi kuskure a gaban abokai. Mu ma muka canja masa. Abin da a da sai an ji ta bakinsa, sai muka koma yankewa a bayansa. Idan ya manta inda ya ajiye hula, abin da ni ma nake yi, sai mu kalli juna. Ƙanwata ta daina barci, kullum tana waya tana karanta yadda ƙarshen ciwon yake. Mun fara makokin mutum yana raye da sauran ƙarfinsa. Ban ce kada a je ba, amma sanin ma yana da nasa nauyin.

LikitanIyali:
Salamu alaikum. Hajiya Maman Ilham, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Akwai abubuwa biyu da ake haɗawa a nan, ya kamata a raba su.

Akwai a tara tsofaffi masu lafiya, waɗanda babu wanda ya ga wata alama a tare da su, a gwada su duka. Akwai kuma a duba tsohon da iyalinsa suka ga canji. Na farkon har masana ba su daidaita a kai ba. Na biyun kuwa aikin asibiti ne na yau da kullum, kuma Mama a nan take.

Gwajin ba allura ba ne. Tambayoyi ne na 'yan mintuna: yau wace rana, ina muke, a ba ta kalmomi uku ta riƙe, ta zana agogo, sannan a sake tambayarta kalmomin. Waɗanda aka fi sani su ne MMSE da MoCA, kowanne maki 30. Samun ƙaramin maki ba ya nufin an tabbatar da ciwon, yana nufin a zurfafa bincike.

Abin da ya fi damuna da maganar Yayanku shi ne ba kowace mantuwa ce marar magani ba. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo ta, kuma masu ciwon suga da suka daɗe a kan metformin sukan samu wannan ƙarancin. Raunin aikin ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo yana kawo ta. Ciwon damuwa bayan rasuwar miji yana kama da ita sosai. Wasu magungunan barci da na mura suna ruɗa tsoho. Wani ma kurumta ce, ba ya jin abin da aka faɗa balle ya riƙe. Duk waɗannan ana iya yin wani abu a kansu. Ko da kuma ciwon ne na gaske, mai hawan jini yakan samu nau'in da ƙananan toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke jawowa, kuma riƙe jinin da kyau yana rage haɗarin ƙarin ɓarna.

Bazazzage_77:
Dakta, mun gode. To idan aka duba duk waɗannan aka ga ba su ba ne fa? Ai mun dawo kan maganar Yayansu.

LikitanIyali:
Idan nau'in mantuwar da ake kira Alzheimer ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon, gaskiya ba a warkar da ita. Akwai magungunan donepezil da memantine, suna ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, ba sa tsayar da ita. A nan ribar sanin ta fi komawa kan mai jinya, idan an zauna an koya mata abin da za ta yi.

Ɗalibi_Samaru:
Bari in ƙara da abin da na karanta. A jihar Indiyana ta Amurka an yi bincike da tsofaffi kusan 4,000 masu shekara 65 zuwa sama, aka fitar da shi a 2020. Rabi aka yi musu gwajin, rabi ba a yi ba. Bayan shekara ɗaya ba a ga bambanci tsakaninsu ba wajen damuwa, fargaba ko jin daɗin rayuwa. Wato gwajin bai cutar ba, bai kuma ƙara komai ba. Mafi yawan waɗanda gwajin ya nuna musu alama ma ƙin komawa suka yi a ƙarasa binciken. A shekarar ce kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya ce babu isasshiyar hujjar cewa a gwada duk tsohon da ba shi da alama, ko a hana. Ingila ma ba ta gwada kowa da kowa. Amma kwamitin na Amurka ya ga cewa shirye-shiryen koyar da masu jinya suna rage musu nauyi da damuwa, ko da kaɗan ne.

Ummu_Sadiq:
Ɗalibi, can ba a korar 'yar aiki ko a saki mace don tsohuwa ta ce an yi mata sata. Ma'auninsu bai auna irin abin da ya same ni ba.

Ɗalibi_Samaru:
Haka ne Anti. Kuma tsofaffin aka auna a wancan binciken, ba masu kula da su ba.

Inna_ta_Hanwa:
Ni tambayata daban ce. Gwaggona da rana lafiya lau take. Da an kusa magariba sai ta tashi tana haɗa kaya, wai za ta tafi gidansu, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Kowa ya ce iska ce, tunda lokacin fitarsu ke nan. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Wannan ma ciwon ne?

Nas_Bilki:
Inna, wannan sananne ne a wajen masu ciwon mantuwa a duk duniya, har a ƙasashen da ba su san zancen iska ba. Ruɗewar takan ƙaru da yamma: gajiyar yini ta taru, haske ya ragu, inuwa ta fara yi musu kama da mutane. Ki kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniyar yara da talabijin a lokacin, a ba ta abin da hannunta ya saba kamar tsince shinkafa ko ninke kaya. Kada ki ce mata "ai Baba ya rasu", don kowace rana sabuwar mutuwa za ta ji. Ki ce ta ba ki labarinsa. Addu'a kuma a ci gaba, ba ta hana zuwa asibiti. Amma hayaƙin nan a bari, ƙirjin tsoho ba ya ɗauka. Idan kuma ruɗewar farat ɗaya ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaggauta kai ta, sau da yawa zazzaɓi ne ko cutar mafitsara.

Malam_Abu_Zainab:
Bismillah. Wannan hali Alƙur'ani ya ambace shi a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5: akwai wanda ake mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga kai wa wannan matsayi. Saboda haka ba maita ba ce, ba kuma alhakin wani ne ya kama tsoho ba. Na faɗi haka ne don na ga an taru a kan wata tsohuwa da ta ɓata hanya tana sambatu, ana cewa mayya ce ta tona kanta. Mu ji tsoron Allah.

Game da tambayar 'yar'uwa, ni ina ganin alheri a sani da wuri ta fuskar haƙƙoƙi. Mutum yana da sauran hankalinsa zai faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya mayar da amanar da aka ba shi ajiya, ya yi wasiyyarsa cikin sulusin dukiyarsa a gaban shaidu. Idan hankali ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Wadda ta yi azahar sau uku, ko ta yi salla ba alwala, kada a tsawata mata.

Hajjo_Kwarbai:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Azumi fa? Tamu takan ɗauka, zuwa hantsi ta manta ta sha ruwa, in an tuna mata ta yi ta kuka.

Malam_Abu_Zainab:
Hajiya, ku daina tuna mata. Sauran hukuncin ya danganta da inda hankalinta ya kai, ku zauna da malamin da ya san ta.

Lauya_Kongo:
Ina goyon bayan Malam, da ƙarin gargaɗi. Takardar da aka sa tsoho ya sa wa hannu bayan hankalinsa ya tafi, ko ta sayar da gida ce ko ta kyauta, ana iya ƙalubalantarta a kotu. Don haka abin da za a tsara a tsara shi da wuri: ina takardun gona da na gida suke, wa zai riƙa karɓo fansho, me banki ke buƙata. Na ga iyalin da kuɗin magani ya maƙale musu a asusu saboda tsoho ya manta lambar katinsa, sa hannunsa kuma ya canja.
Amma wuƙar tana da kaifi biyu. Na kuma ga 'ya'yan da suka riƙe takardar likita suka ce Baba ba shi da hankali, suka karɓe komai tun yana iya lissafin kuɗinsa sarai. Wanda yake matakin farko yana da ikon yanke wa kansa shawara a abubuwa da yawa.

Abban_Hanif:
Barista, wannan na ƙarshen shi nake nufi. Mu ba dukiya muka karɓe ba, girmansa muka karɓe ba mu sani ba.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, ina karantawa duka. Dakta, wani abu ya tsaya mini. Hajiya ba ta yi boko ba, allo ta yi. Ba ta taɓa riƙe biro ta zana agogo ba, da kiran salla take sanin lokaci. Watan Musulunci take lissafi da shi. Ba za ta faɗi gwajin a banza a ce tana da ciwon ba?

LikitanIyali:
Tambaya mai kyau, kuma matsala ce ta gaske. MMSE da MoCA an tsara su ne a Amurka da Kanada don masu karatun boko, wanda bai yi ba yakan samu ƙaramin maki ko lafiyarsa ƙalau. An yi aiki a kan wannan a ƙasar nan. Tun 1992 likitocin Ibadan da na Indiyanapolis suka fara wani dogon bincike, suka yi amfani da gwajin da ba ya dogara da iya rubutu. Maimakon zane, ana jera tsinken ashana huɗu a ce tsoho ya kwaikwaya. Rabin gwajin kuma tambayar wanda ke zaune da tsohon ne: me take iyawa a da da yanzu ba ta iyawa? A nan Zariya ma likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun bi unguwanni sun gwada tsofaffi sama da 300, suka buga sakamakon a 2011, suka samu kusan 3 cikin 100 suna da ciwon. Ki gaya wa likitar tun farko cewa Mama ba ta yi boko ba, a yi mata da Hausa, a karɓi watan Musulunci a matsayin amsa. Abin da ke kika gani a gida ya fi makin nauyi.

Sani_Kwangila:
Duk wannan magana ce ta masu hali. Kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa da ke Shika, gwajin jini, in an ce hoton ƙwaƙwalwa kuma sai a sayar da akuya. Talakan da ke fama da na masara ina ya ga wannan?

Nas_Bilki:
Malam Sani, gaskiyarka, akwai tsada. Amma tambayoyin farko ba sa cin komai bayan kuɗin kati, kuma ba kowa ake tura wa hoto ba. A fara da asibitin da ake duba hawan jinin. Sannan a lissafa abin da ake kashewa wajen masu magani kala-kala idan ba a san me ake nema ba.

Sani_Kwangila:
Wannan kuma haka ne. Mu ma mun zagaya.

Uwar_Biyu_Wusasa:
Ni ina jinyar mahaifiyata, kuma mun sani da wuri. In faɗa miki gaskiya Maman Ilham, aikin bai ragu ba ko kaɗan. Wanka, wankin shimfiɗa, tashin dare, duk suna nan, har koyarwar da nake yi na ajiye. Abin da ya canja shi ne zuciyata. Da ina jin haushinta, ina ganin da gangan take yi, in yi mata tsawa in koma ɗaki in yi kuka. Yanzu in ta tambaye ni abu sau goma na san a wajenta karo na farko ne.
Na biyu, takardar likita ce ta sa 'yan'uwana suka yarda. Wanda ke Abuja in ya kira ta a waya sai ta gaishe shi tsaf, ta tambayi yara, sai ya ce ni ce nake ƙara gishiri. Da ya ji daga bakin likita muka zauna muka raba: shi kuɗin magani da na mai taya ni, ƙanwarmu tana karɓata ƙarshen mako. Mun cire mata risho daga ɗaki, mun ɗinka lambar waya a cikin mayafinta, mun gaya wa mai shagon bakin layi da 'yan acaɓan unguwa in sun gan ta ita kaɗai su dawo da ita. Sun dawo da ita kuwa, ba sau ɗaya ba.

Ummu_Sadiq:
Kun ji ko. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar masu wannan ciwo mata ne ke yi. Amma in an zo yanke shawarar a je asibiti ko kada a je, sai a ce sai abin da Yaya ya ce.

Bazazzage_77:
Hajiya, kada a mayar da abin faɗan maza da mata. Ni na yi jinyar mahaifina da hannuna, ni nake masa wanka. Tsorona ɗaya ne: garin nan in aka ji an kai tsohuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa, gobe a ce gidan su wane akwai taɓin hankali, a fasa neman auren jikokinta. Wataƙila abin da Yayansu yake gudu ke nan bai faɗa ba.

Ummu_Sadiq:
Allah ya ba ka ladan jinya, Malam. Wannan tsoron na yarda akwai shi.

LikitanIyali:
Akwai shi. Amma sakamakon sirri ne tsakanin likita da iyali, ku ke zaɓar wanda zai ji. Mafi yawan masu kamuwa da ciwon a tsufa kuma ba gadonsa suka yi kai tsaye ba, shekaru ne babban dalili. Nau'in da ke bin jini a gida kaɗan ne, kuma yakan fara tun kafin shekara 65.

Abban_Hanif:
Akwai wadda har yanzu ba mu ji ta bakinta ba a zancen nan, ita Hajiyar. Maman Ilham, kun tambaye ta? Da za a mayar da ni baya zan kai Baba, amma zan fara tambayarsa ko yana so a gaya masa komai ko mu kaɗai za a gaya wa, kuma ba zan bari ya bar majalisarsa ba.

Maman_Ilham:
Ban tambaye ta kai tsaye ba, Abban Hanif. Amma jiya da kanta ta ce mini, "Kaina ba daidai yake ba kwanan nan." Ina ganin ta fi mu sanin akwai wani abu. Na tura wa Yaya bayanin Dakta da na Uwar Biyu. Ya ce gwajin jini ya yarda, na ƙwaƙwalwa kuma a bari sai ya zo Juma'a mun zauna da Kawu. Bai sauka daga ra'ayinsa ba tukuna.

Nas_Bilki:
To ku fara da na jinin. Ranar da za ku je ki zuba duk magungunanta a leda ki tafi da su, har na gargajiya da na kemis. Ki ɗauki tabaranta, ku je da safe ta karya kumallo. Ki rubuta abubuwan da kika lura da su da lokacin da suka fara, ki miƙa wa likita a takarda, kada ki lissafa su a gabanta.

Inna_ta_Hanwa:
Nas Bilki, na kunna fitilar tun la'asar sakaliya kamar yadda kika ce. Ta dai haɗa kayan, amma ba ta yi rigimar fita ba. Mu da tamu ta riga ta yi nisa, akwai amfanin mu kai ta yanzu, ko na masu farawa ne kawai?

Nas_Bilki:
Ku kai ta, Inna. Ko ba don gwajin ba, a duba jininta da magungunanta, ke ma a auna naki hawan jinin.